Kaskon Goggo: Shaida Kan Yadda Ake Fara Koyon Magani

Goggo, yayar mahaifinmu, ta shafe sama da shekara arba'in tana ba da magani a wani ƙauye da ke gefen hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Wannan shaida ce a kan rayuwarta da yadda take ɗora mai koyo a kan hanya, kamar yadda aka gani a tsakar gidanta, da kuma abin da ta faɗa da bakinta. Ba zan sa sunanta na yanka ba, don 'ya'yanta na nan da rai, kuma ba kowa ke son a tuna masa uwarsa ta taɓa bori ba.

Ta taɓa kuwa. A 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira, fari ya ci ƙasar, kuma a cikin wannan yunwa Goggo ta rufe 'ya'ya biyu a tsakanin wata uku. Daga nan bakinta ya mutu. Ba ci, ba magana, sai dai a tsince ta da tsakar rana a gindin tsamiyar bayan gari ta ƙura wa ƙasa ido. Aka yi rubutu, aka yi tofi, shiru. A ƙarshe dangin uwarta, masu kan gida, wato iskokin gado, tun kaka da kakanni, suka ɗauke ta suka kai wa wata uwar girka, mai shigar da mutane bori, a ƙasar Maraɗi.

Kwana bakwai ta yi a ɗaki guda, ba fita sai kewaye. Safe da yamma a dama mata kunu da garin magani, a yi mata wanka da jiƙon saiwoyi, a turara ta. Da dare masu goge da garaya su zauna bakin ƙofa, mata na kiɗan ƙwarya, ana bin taken iskoki ɗaya bayan ɗaya: Sarkin Aljan, Malam Alhaji, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi, Kuturu, Inna, a ga wanda jikin majinyaci zai amsa wa. A wajen 'yan bori, iskokin nan mazauna Jangare ne, birnin da ido ba ya gani. Wanda suka hau, in namiji ne doki, in mace ce godiya, kuma atishawa ce alamar sun sauka. Jikin Goggo ya amsa wa taken Inna Bafilatana. Ranar fitar girka ta fito da bakinta, ta ci tuwo.

Ta yi wajen shekara goma ana kiran ta wasa. Malamai sun yi bayani ƙarara cewa yanka don iska da neman agajinsu shirka ne, ita ma daga baya ta karɓi wannan da zuciya ɗaya, ta tattara kayan hawa ta rabu da su, ba ta ƙara shiga fage ba. Amma ba ta taɓa zagin matar da ta girka ta ba. Takan ce, "Abin da ya tashe ni a ɗakin nan, kwana bakwai ba a bar ni ni kaɗai ba, kuma ba a bar cikina ba komai ba." Ta fito daga can da sanin itatuwa, da kuma tsarin koyarwa da ba ta taɓa sauyawa ba: tsari da fari, sai natsuwa, sannan a taɓa magani.

Mutane kan zo mata da kalmar "asiri" a baki, ita kuma sai ta rarrabe musu. Maita, yadda Bahaushe ya ɗauke ta, ƙanƙara ce a cikin maye da yake kama kurwar mutane da ita, kuma ba abin da mai hankali zai nemi koya ba ne. Sammu da jifa cuta ce da gangan. Magani shi ne aikinta. Duk wadda tambayarta ta farko ta zama mallakar miji ko korar kishiya, Goggo kan ba ta ruwa ta sha, ta raka ta ƙofa. Wadda ta daɗe a hannunta har ta gaje ta wata ƙaramar bazawara ce 'yar maƙwabta, kuma a kanta aka fi ganin yadda horon yake.

Kwana arba'in na farko yarinyar ba ta taɓa ko ganye ɗaya ba. Shara, ɗiban ruwa, wanke tukwanen ƙasa, sai tsari. Tsarin jiki shi ne Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ƙafa uku-uku bayan asuba da bayan la'asar. Lokacin kwanciya a ƙara Ayatul Kursiyyu, a haɗa tafukan hannu a tofa, a shafe jiki daga kai da fuska zuwa inda hannu ya kai, sau uku. Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne tsallake: a yi kwana huɗu da zafi-zafi, a manta kwana goma, sai an yi mugun mafarki a dawo a guje. Goggo ta fi son kaɗan da ba ya yankewa. Tsarin gida kuma tsofaffin ƙa'idoji ne da kowace Bahaushiya ta sani: a shigo da yara da magariba, a rufe ƙofa da bisimilla, a rufe randa da kwanon abinci, kada a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla. Ko wanda bai damu da zancen iskoki ba ya san randa rufaffiya ba ta tara ƙwaro, kuma yaron da ke ɗaki da almuru sauro da kunama sun rage masa.

Tsarin baki ya fi duka wuya, shi ne kuma ta fi tsanantawa a kai. Mai magani ba ta faɗin ciwon wani ga wani, ko da mijinta ne. Ba ta yabon jariri ba tare da "tubarkalla" ba, don gudun kambun baka. Ba ta alkawarin waraka. Kuma ko ana ha-maza-ha-mata ba ta kama sunan kowa ta ce shi ya yi. Goggo kan gwada mai koyo da gangan: ta faɗa mata wani ƙaramin zance, ta jira ta ji ko zai dawo mata daga bakin rijiya. In ya dawo, kwana arba'in ta koma farko.

Wanda ya zo da firgita, ko yawan mugun mafarki, ko ya ce jikinsa ya yi nauyi tun da ya je wani wuri, wankan magarya Goggo take fara yi masa. Ɗanyen ganye bakwai, a tsinko da hankali don ƙaya, a wanke, a dandaƙa a kan dutsen niƙa da ɗansa har ya yi laushi. A zuba a ƙwaryar ruwan sha mai tsabta, a kaɗa da hannu har ya yi 'yar kumfa. A karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulya da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa. Majinyaci ya kurɓa sau uku daga ƙwaryar, sannan a juye sauran a bokitin wanka. A kula da wannan jerin, don wasu kan zuba a bokiti tukuna sannan su ɗebo na sha, su kwashi dattin bokiti su ce magani ne ya ɓata musu ciki. A yi wankan a kan tabarma ko cikin baho a wuri mai tsarki, a kai ruwan gindin itace, ba makewayi ba. Da hunturu a sirka da ruwan ɗumi. Kullum sabo ake haɗawa, kwana uku zuwa bakwai. Wanda ya kwana ya yi tsami a zubar. In mako ya cika mutum bai samu barci ba, ko ya fara jin muryoyi, ko yana zancen ya gaji da rayuwa, Goggo ba ta ƙara kwana. Sai ta kira wani babba a danginsa ta ce a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuma kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya.

Natsuwa kuwa da ƙwallon dabino take koyar da ita. Talatin da uku a ƙoƙo guda, ga wani ƙoƙon ba komai a gefe. Bayan sallar asuba, kafin rana ta fito, mai koyo ta zauna a tabarma, baya a miƙe, tafin ƙafa na taɓa ƙasa. Ta shaƙi numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu a zuci, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida da istigfari, ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta mayar ɗaya ƙoƙon. Kafin ƙoƙon farko ya ƙare an yi minti biyar da 'yan kai. In tunani ya tafi kasuwa, ba a sake lissafi, ba a tsaki, hannu ya koma ƙoƙo kawai. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne jan numfashi da ƙarfi da sauri. Nan da nan yatsu su fara tsitsitsi, leɓe ya yi sanyi, kai ya juya. Ranar da hakan ya sami bazawarar ta tashi a firgice ta ce, "Goggo, wani abu ya zo mini." Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, zauna. Numfashi kika cika ja. Sassauta, ki tsawaita fitarwa." Kafin a shanye kunu abin ya wuce.

Ta hana masu koyo shiga halwa da dogon azumi da raba dare ana jan wuridin da ba malamin da ya ba su. Ta ga 'yan mata da samari da suka yi kwana uku ba barci suna neman "buɗi", suka fara ganin abin da babu, dangi suka ce aljanu sun buɗe musu ido, alhali yunwa da rashin barci ne suka taɓa su. Ka'idarta ita ce ba a duba majinyaci da fushi, ko da yunwa, ko da gyangyaɗi. Bayan an sallami mutum, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a wanke fuska, a sha ruwa, a ɗan taka ƙasa ba takalmi, a jefa wani abu a ciki ko da dunƙulen fura ne. Wanda ke sauraron kukan mutane tun safe, in bai sauke ba, da shi zai kwana.

Hayaƙi shi ne inda aka taɓa yin ɓarna, kuma na ga ya kamata a faɗe ta dalla-dalla don har gobe ana yin irinta. Yadda Goggo ke yi, garwashi huɗu ko biyar da suka riga suka yi jajur a kasko, ba baƙin gawayin da bai gama kamawa ba. A ɗora ɓawon hano kamar tsawon ɗan yatsa, da ɗan kajiji, da habbatus sauda abin da yatsa uku suka tsunkulo. A zaga kusurwa huɗu na ɗakin ba kowa a ciki, a fito da kaskon waje, a bar ƙofa da taga a buɗe har hayaƙin ya lafa ya bar ƙamshi, sannan majinyaci ya shiga. Wata rana da sanyi Goggo ta tafi karɓar haihuwa, aka kawo wata mata mai ciwon kai. Mai koyon ta ga ai in hayaƙin ya zauna zai fi ratsa jiki, sai ta cika kasko da gawayi, ta sa matar a ɗaki, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Da Goggo ta dawo ta tarar matar ta yi amai ta sulale ƙasa. Ta banke ƙofa, suka jawo ta tsakar gida, aka kwantar da ita ta gefe ana fifita, aka ɗora ta a amalanke zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutum ya ji barci, daga nan sai a wayi gari da gawa. Ita ce ke kashe masu kwana da kasko a ɗaki lokacin hunturu. Tun daga ranar, ba a turara jariri, ko mai asma, ko mai tari, ko mai ciki a gidan. Barkono a hayaƙi wai don aljani ya yi magana, wannan Goggo zalunci take kiran sa, kuma gaskiyarta ne.

Sai a wata na uku ake shiga daji. Da sassafe, a yi wa itace sallama, a yi bisimilla. Sassaƙe daga gabas da yamma ake ɗiba, faɗin yatsa uku, tsawon tafin hannu, a shafe gurbin da laka. Wanda ya zagaye ɓawon itace ya kashe shi, shi ya sa maɗaci da marke suka yi ƙaranci a kusa da garuruwa. Saiwa ta gefe guda ake yanka, a mayar da ƙasa. Ba a ɗiba a bakin titi, ko a gonar da aka yi wa feshi, ko kusa da juji. A shanya a inuwa a kan faifai, don rana na cinye ƙarfin ganye. In ya bushe ƙayau a adana a ƙwarya ko kwalba. Leda na tara gumi, ya yi fumfuna, kuma mai fumfuna na zubarwa ne duk wahalar da aka sha a kansa. Da yake garin magani in an daka duk kamanninsa ɗaya, kowane ƙunshi da launin zaren da ake ɗaure shi. Itatuwa biyu take nuna wa mai koyo tun ranar farko don a guje su: zaƙami, wanda ke haukata mutum har ya kashe, da tumfafiya, wadda nononta in ya shiga ido yana iya lalata shi.

Abin da aka yarje wa mai koyo ta bayar a shekarar farko kaɗan ne. Sirace na mura ga babba: ganyen darbejiya da na lemun tsami a tafasa, a sauke tukunya ƙasa, a lulluɓa da zane minti goma, ban da yara don ƙuna. Citta da lemun tsami da zuma ga mai tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Jiƙon bagaruwa na kurkurar baki ga mai ciwon dasashi, a tofar. Man kaɗanya na tausa da faso. Magani ɗaya a lokaci ɗaya, don in an haɗa biyar jiki ya ƙi, ba a san mai laifi ba. Ga mai gudawa kuwa, abin da ta koya wajen ma'aikatan lafiya ta sa gaba da kowace saiwa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, don in ya yi yawa yana ƙara wa yaro illa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, wanda ya kwana ya wuni a haɗa sabo. Ta bar ba jarirai dauri, ta ce nono ya ishe su har wata shida. Ta kuma rage wa masu jego kunun kanwa da tafasasshen ruwan wanka, abubuwan da likitoci a Zariya suka daɗe da danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Mai farfaɗiya in ya faɗi, a janye shi daga wuta da rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, kada a gudu don miyansa ba ya harbin kowa. In jijjigar ta wuce minti biyar, asibiti. Yaro mai zazzaɓi da shiɗewa, gwajin jini tukuna. Kan shan inna kuwa ba ta da wasa. A 2003, da aka dakatar da rigakafi a Kano, jita-jita ta cika ƙasar Hausa, mata suka zo tambayar ta, da yake an san tarihinta da Inna, iskar da ake jingina wa ciwon. Ta ce, "Na yi wa Inna hidima shekara goma, ban ga ƙafa ɗaya da ta mayar ba." Ta fito da jikokinta ƙofar gida aka ɗiga musu.

Abin da ƙauyen bai manta ba ya faru ne da bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ta'adi a Arewa. Aka kawo yaro ɗan shekara bakwai, jiki kamar wuta, yana sambatu yana kiran sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke sayar da daddawa. An san abin da wannan ke nufi a wajen mutane: ta kama kurwarsa. Kafin a ce haka samari sun fara taruwa, ana cewa a jawo ta ta tsallake shi ko a ƙone ɗakinta. Goggo ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyar yaron ta gwada kai haɓarsa ƙirji. Wuya ya ƙi lanƙwasuwa, yaron ya ƙwalla ƙara. Ta ɗaga labule, haske ya shigo, ya runtse ido ya kau da kai. Ta dubi uban ta ce, "Malam, wannan sanƙarau ne. Nemo mota yanzu, ko awa ɗaya kada a ƙara." Uwar na kuka tana cewa, "Iya, ai sunanta yake kira." Goggo ta ce, "Kullum ita ke ba shi ƙuli-ƙuli, wa zai kira?" Ta bar mai koyon ta riƙa shafa wa yaron ruwa da tsumma, ita kuma ta ɗauki tabarmarta ta je ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin tsohuwar. Nan ta zauna har sanyin la'asar, tana jan carbi, ba wanda ya iya tsallake ta. Yaron ya rayu, sai dai kunne ɗaya bai ƙara ji ba. Cikin makon aka kwashi wasu yaran daga unguwar da ciwo iri ɗaya, zancen maita ya mutu da kansa.

Goggo ba ta kai 2020 ba, shekarar da aka sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Da ta ji jiki ya yi nisa ta kira bazawarar, wadda a lokacin ta daɗe da sake aure har ta aurar da 'ya, ta miƙa mata kaskon, da ƙoƙuna biyu, da ƙwallayen dabinon da suka yi sumul don shafar hannu. Ta sa aka zubar da duk garin maganin da ya wuce shekara a ɗakin, ta ce kada a gaji tsohon gari. Kaskon na nan a gidan magajiyarta, bakinsa ya ɗan gutsure. Akwai wata yarinya a hannunta yanzu, tana cikin kwana arba'in ɗinta na shara da ɗiban ruwa, ba ta kai ga taɓa ganye ba tukuna.